Tukunyar Gilas ta Zubairu Kuku

Duk wanda ya tashi a lungun bayan kasuwar Nima ya san Zubairu Kuku, har da waɗanda suka daina gaishe shi. A kicin ɗin jirgin kamun kifi na Tema ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ya dawo gida da ciwon gwiwa da wata tukunyar gahawa ta gilas, kyautar sallama daga kyaftin ɗin jirgin. Hawa biyu gare ta, ƙasa da sama, bututu ya haɗa su. In ya kunna 'yar fitila a ƙarƙashi, tururi ya tura ruwa sama ya gauraya da garin gahawa. In ya janye wutar, ruwan ya sauko baƙi wuluk ta cikin ƙyallen tata.

Bayan tukunyar, abin da ya fi ƙauna shi ne kiran salla. Shi ne ladanin masallacin lungun, kuma muryarsa har unguwar Maamobi ake jin ta.

Matsalar ta faro ne da ƙamshi. Issifu mai sayar da taya shi ke da dandalin shan shayin ataya a bakin titi, sai ya ga dattawansa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya zuwa barandar Zubairu. Ya je ya leƙa, ya dawo yana rantsuwa.

"Ruwa yana hawa sama da kanshi? Akwai aljani cikin kwalban nan paa! Kuma mai kwalban ne yana kira mana salla."

Ba wanda ya kori Zubairu, zango, unguwar baƙi irin tasu, ba ya kora a fili. Liman dai ya ce masa ya huta da kiran salla saboda gwiwarsa. Kwanukan abincin suna suka daina shigowa gidan. Matarsa Sanatu ta koma ba ta ɗiban ruwa sai layin famfo ya watse, kuma a haka ta rasu. Zubairu bai yafe ba, bai ma gwada ba. Kullum da la'asar yana dafa gahawarsa a baranda, yana kallon bakin titi, zuciyarsa na tafasa tare da ruwan.

Shekaru suka shuɗe, Hamdia, 'yarsa tilo, ta zama tela. Wata rana ta durƙusa a gabansa tana murza bakin mayafi.

"Baaba, Rauf yana so su kawo goro."

"Rauf na wa?"

"Na Baaba Issifu."

Ta zaci zai tashi da faɗa. Sai ta ga murmushin da ta manta yana da shi.

"Su zo. Amma ban son kawu, ban son wakili. Ubanshi ya zo da ƙafanshi, Liman ma ya zo."

Ran Lahadi suka cika barandar, Issifu cikin babbar riga da ta sha guga. A lungun nan mai neman aure ba ya buɗe baki sai ya sha abin da gida ya ba shi, in kuwa ya ƙi sha, to ya ƙi gidan ne. Kowa na jiran ruwan sanyi. Zubairu ya fito da tukunyar, ya dasa ta daidai gwiwar Issifu, ya kunna wuta. Bai yi sauri ba. Ruwa ya soma hawa, gumi ya soma sauka a wuyan babbar riga.

"Malam Issifu, mene ka gani ciki?"

"Ruwa."

"Ɗaga murya, kunnen Liman ya tsufa."

"Ruwa ne da wuta, Malam Zubairu. Ba komai ciki."

"Tun yaushe ka sani?"

Issifu ya dubi ƙofa, inda Rauf ke tsaye a waje yana jiran labari. Ya sunkuyar da kai.

"Tun ranan da na leƙa."

Zubairu ya janye fitila, gahawa ta sauko, ya zuba wa Issifu a kofi. Ga sukari nan a gefe cikin gwangwani, amma bai taɓa murfin ba. Issifu ya kurɓa, fuskarsa ta yamutse, ya shanye tas saboda ɗansa. Daɗin da Zubairu ya ji a lokacin, ko a ranar aurensa bai ji irinsa ba. Sannan ya karɓi goro, ya ce ya ba Rauf Hamdia, don yaran ba su yi masa komai ba.

Liman ya yi gyaran murya, kunya ta ishe shi.

"Malam Zubairu, magariba ya kusa. Yau kai za ka kira."

Zubairu ya buɗe baki, muryar da ta yi shekaru ba kira ta fito a dushe, tana rawa, ko bakin lungu ba za ta kai ba.

"Da wane murya, Liman?"

Ya jawo kofin Issifu, ya sake cika shi har baki.