Ranar da Muka Kira Mutum Ɗaya Ɗaki a Bakura

Ana sallame Asuba muka bar Gusau, mu uku da direba, ga kular ƙanƙara mun ɗora ta a kujerar tsakiya ana lallaɓa ta kamar jinjiri. Kayan gwajin jini ne a ciki, kuma zafin bazara ba ya raga musu. Aikin na kwana uku ne: mu bi wasu ƙananan asibitoci a Talata Mafara da Bakura da Maradun, mu gwada jinin ma'aikatan da ke jinyar masu kuturta.

Bari in yi bayani tun yanzu, don a nan labarin ya rataya. Ana huda yatsa, a ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji. In layi ɗaya ya fito, babu komai. In biyu ne, jikinka ya taɓa gamuwa da ƙwayar cutar. Ba ciwon ba ne. Yawancin mutane jikinsu ke kashe ta ba su ma sani ba. Abin da ake yi kawai shi ne a duba fatar mutum, a ci gaba da lura da shi.

Mun shiga Mafara ranar kasuwa, da ƙyar mota ta kutsa tsakanin buhunan albasa da amalanke. Albasar Bakolori manya-manya, a kusan rabin kuɗin Gusau, har direbanmu ya soma lissafin barin tuƙi. Muka karya da hoce mai zafi da shayi a bakin tasha. Aikin ranar ya tafi sumul. An ba mu ofis mai ƙofa biyu, kowa ya shiga ta ɗaya ya fita ta ɗaya, ba wanda ya san abin da ya wakana a ciki. Da yamma muna ta yabon kanmu, ashe ƙofofin ne suka yi mana aikin.

Laraba muka nufi Bakura. Hanyar ta ratsa fadamun rani, shinkafa kore shar a gefe, mata Fulani da ƙoren nono suna bin bakin titi. Asibitin da muka je ƙarami ne, don haka muka kafa tebur a inuwar dogon yaro, ma'aikata tara suka jeru a benci. Na tashi na yi musu irin bayanin da na yi muku, kowa yana gyaɗa kai. Ai ma'aikatan lafiya ne, na ce a raina, wa zai koya wa kifi iyo.

A cikinsu akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba. Shi ne mai wankin ciwo, ya haura shekara ashirin yana wanke gyambon da kowa ke kau da kai daga gare shi. Gaisuwarsa kaɗai ta ci minti biyar: gajiya, iyali, hanya, zafi, mutanen Gusau.

Duk wanda layi ɗaya ya fito masa, a nan kan tebur muke cewa, "Alhamdu lillahi, tashi." Mutum shida suka tashi haka suna dariya. Da aka zo kan Baba, layi biyu suka fito. Abokiyar aikina ta bi abin da takardarmu ta ce, ta rage murya ta ce, "Baba, mu ɗan shiga ciki." Muka shiga da shi ɗakin allura, muka duba bayansa da hannuwansa, muka shafa auduga ko akwai inda ba ya ji. Fatarsa lafiya lau. Kwata ɗaya, minti goma sha biyar, muka yi a ciki. Da muka fito, ɓangaren bencin da yake zama ya yi fili, mutanen duk sun matsu a ɗaya gefen.

Al'adar wurin ita ce bayan Azahar mazan su haɗu a faranti ɗaya. Aka kawo shinkafa da wake da mai da yaji. Baba ya wanke hannu ya zauna ya ce, "Bisimillanku." Sai mutum biyu suka tuna suna azumin nafila, alhali da hantsi na gan su da rake. Wani ya ce gyambon cikinsa ya tashi. Baba ya ci loma uku shi kaɗai, ya rufe farantin, ya koma ɗakin wankin ciwo. Ni kuwa ina tsaye da jaka a kafaɗa. Na gani sarai, amma na ce da kaina ai mun yi bayani da safe, kuma dole mu koma masauki a Mafara kafin La'asar saboda yanayin hanya. Na shiga mota. Har yau ina jin kunyar wannan shigar.

Alhamis sai Maradun. Muka bi ta gefen madatsar ruwa, masunta suna shanya koma, muka sayi soyayyen kifin da yajinsa ya sa direba hawaye. Shugabar asibitin da muka je wata Hajiya ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai farin gilashi. Ta gaishe mu gaisuwa cikakkiya, ta sa aka kawo ruwa, ta jira muka sha, sannan ta dube ni.

"Ɗana, ku ne kunka kai dattijo ɗaki jiya a Bakura?"

Ashe labarin ya riga mu ta waya. Na soma cewa ai ba mu faɗi sakamakon kowa ba.

"Mi ya rage ku hwaɗi?" in ji ta. "Mutum tara, ɗaya kunka kira. Nan wurina kowa za shi shiga, kowa a duba mai hwata, kowa shi yi kwata guda. Kuma ku za a hwara da ku. Ko an taɓa gwada ku?"

Muka dubi juna. Shekara goma sha ɗaya ina kankarar fatar masu wannan ciwo ina dubawa a madubin awo, ban taɓa miƙa yatsata ba. Na miƙa. Layi biyu.

Na san duk abin da littafi ya ce, ni na karanta wa mutane shi jiya da shekaranjiya. Amma abin da na soma yi shi ne sa hannuna a aljihu. Aka duba fatata, lafiya lau. Duk da haka ranar na kama kaina ina tsungulin bayan hannuna a mota don in tabbatar ina jin zafi. Aikin Maradun ya ci mu har Azahar ta gota saboda tsarin Hajiya, amma da aka gama, mutanenta sun fito suna tsokanar juna, ba wanda ya san na wani.

Juma'a ya kamata mu miƙe Gusau. Na roƙi abokan tafiya mu koma Bakura. Direba ya yi ƙorafin mai, sannan ya juya kan mota.

Mun same su bayan an sauko daga masallaci. Faranti na tsakiya, mutane na kewaye da shi. Baba kuwa yana can gindin bishiya da ɗan kwanon silba sabo, takardar kanti ma ba a ɓare ba. Ba wanda ya kore shi. Shi ya sayo don ya hutar da su neman dalili.

Na yi sallama, na ce kuskuren shekaranjiya namu ne. Na fito da tsinken gwajina na ajiye a benci. "Wanga nawa ne, layi biyu. Jiya nig gani. Lahiyata lau, kuma duk wanda munka duba hwatarsa munka sallama, lahiyatai lau." Sannan na wanke hannu na je na tsuguna gaban Baba na ce, "Baba, a san mini."

Ya dube ni, ya turo kwanon. Wani matashi daga cikin masu azumin nafila ya taso da farantin gaba ɗaya ya kawo gindin bishiyar, wasu biyu suka biyo shi. Ɗaya dai bai taso ba, ba zan yi muku ƙarya ba.

Da zan tafi Baba ya rako ni bakin mota. Na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komi, ɗana. Shekara ashirin ina ce ma marasa lahiyata su yi haƙuri da mutane. Ashe ban san abin da nike ce musu ba. Kwana biyun ga sun koya mini."

Mun iso Gusau gab da Magariba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, sirri ba rufe baki kaɗai ba ne. Inda ka kafa tebur da wanda ka kira ɗaki duk magana ce. Kuma sanin da ke kai ba ya hana hannu janyewa, ko da hannun ma'aikacin lafiya ne.

A gida mai ɗakina ta kawo tuwo, yaranmu biyu suka kewaye kwano kamar kullum. Kafin in sa hannu na faɗa mata komai. Ta yi jim, ta ce, "Ciwon ne?" Na ce a'a. Ta ce, "To ci mana, yana hucewa."

Jim ɗin nan nata bai kai numfashi biyu ba, amma sai da na ji kamar ƙasa za ta tsage da ni. Baba kwana biyu ya yi a cikinsa, kuma mu muka jefa shi.