Ranar Da Na Wuce Surukina A Guje

Ina da shekara arba'in da bakwai likita ya ce in fara gudu. Ya dubi takardar gwajin jinina, ya dubi tumbina, ya ce, "Malam, suganka ya hau. Magani kaɗai ba zai yi ba, sai ka riƙa motsa jiki. Ka ɗan riƙa gudu da safe, ko na rabin awa ne." Na ce masa to. A raina kuwa cewa na yi wannan bai san Daura ba. A garinmu in aka ga magidanci yana gudu, abin da ake fara tambaya shi ne gidan wa ya kama da wuta. Ni kuma ba magidanci kawai ba ne, mataimakin shugaban makarantar sakandare ne, mai tafiya hannu a baya ɗalibai suna darewa. Girman nan na daɗe ina tara shi, kuma ina ji da shi fiye da yadda ya kamata.

Wata uku ina shan magani ina cewa gobe, har sanyi ya shigo, shi ne ya ba ni mafita. Da sanyi kowa a rufe yake fita, ba mai tambayar wani dalilin rufe fuska. Na je wajen 'yan gwanjo na sayi hular sanyi irin wadda ba a ganin komai sai ido, da wandon 'yan wasa mai farin zane a gefe, da kambas. Ranar da na gwada su a ɗaki maiɗakina ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Malam, in ka fita a haka wallahi 'yan sintiri za su kama ka." Ban ji haushi ba. Idan matar da muka shekara ashirin da biyu tare ta ce na yi kama da ɓarawo, to ba wanda zai ce na yi kama da mataimakin shugaban makaranta.

Sai na tsara abina. In an idar da sallar asuba in dawo gida in sa kayan, in ɗora jallabiya a kai, in hau babur in fita gari ta hanyar Zango. Akwai wata kuka a gefen titi, nan nake jingine babur in tuɓe jallabiyar in ja hula, in kama wani burtali da ya ratsa gonaki. Na san gonar surukina tana ta wannan ɓangaren, amma an yi girbi, an kwashe kara, wa zai je gona a tsakiyar sanyi? Haka na lissafa. Riƙon alli ya sa na manta cewa a lokacin ne manomi yake kai taki.

Kwanakin farko na sha wuya. Iska tana yanka ni ta cikin riga, yatsuna su ƙage, hanci yana zuba cikin hula, ƙirjina kamar an zuba barkono. In yi taku ɗari in tsaya in dafa gwiwa ina tsine wa likita. Amma kafin sati uku abin ya fara yi mini daɗi. Jiki ya ɗumama tun rana ba ta fito ba, ba ɗalibi, ba takarda, ba mai cewa ranka ya daɗe, daga ni sai numfashina. Sugan ma ya fara sauka. Har na soma raina abokan aikina da nake tararwa sun dunƙule a ofis suna jiran shayi.

Surukina a lokacin ya haura saba'in. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa ganin kaina ba hula ba, kuma tun daga bakin zaure nake cire takalmi in durƙusa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake ce mini, idonsa a wani wuri. Na sha jin labarin yadda yake faɗa wa abokansa cewa 'yarsa tana gidan mutumin kirki mai natsuwa. Duk garin ba wanda nake so ya ci gaba da ganina da mutunci kamar wannan tsoho.

Wata Alhamis sanyin ya fi na kullum. Na yi nisa, jikina ya saki, ina jin kaina kamar saurayi, sai na sha wata kwana inda burtalin ya matse tsakanin itatuwan aduwa. Ga jaki a tsaye, ga mangala ta zame ta faɗi gefe guda, taki ya zube rabi. Wanda ya san mangala ya san buhu biyu ne a haɗe, in ta cika mutum ɗaya ba ya iya mayar da ita bayan jaki, sai an kama masa ɗaya ɓangaren. Mai jakin tsoho ne, ya ɗora tsohuwar kwat a kan riga, ya naɗe kunnuwansa da rawani, yana ta kokawa da ita. Saura taku goma tsakaninmu na gane shi, surukina ne.

Ya ɗago hannu ya ce, "Bawan Allah, sannu da himma. Don Allah ɗan kama mini nan."

Na rage gudu, wannan kam na yi. Amma a cikin taku uku na gama lissafi. In na tsaya dole in gaishe shi, in na gaishe shi ya ji muryata. Sai in cire hula, in cire kambas, in durƙusa a gabansa cikin wandon da ya ɗame ni, majina a gemu, ina haki. Na ga hoton nan a raina sarai, na ji ba zan iya ba. Na kau da kai na ƙara wuta. Na wuce shi dab da dab, har warin takin ya bugi hancina. A bayana na ji ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ba da fushi ya faɗa ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ban dawo ta burtalin ba. Na yanki gonaki na zagaya har wajen babur, safata cike da ƙarangiya. A hanya ina ta ba kaina haƙuri: wani zai zo wucewa yanzu, ai hanya ce, mangala ce kawai. Na yi wanka na sa manyan kaya na tafi makaranta.

Da la'asar aka bugo wa maiɗakina waya daga gidansu. Ba wanda ya zo wucewa. Tsohon ya gaji da jira ya yunƙura shi kaɗai, ƙugunsa ya riƙe, ya zauna a ƙasa cikin sanyin nan ya kasa tashi. Sai da hantsi wasu mata masu tallan nono suka gan shi suka kira mutane.

Muka tafi dubiya. Ita ta shige cikin gida, ni na durƙusa a zaure inda aka kwantar da shi a kan katifa, an yi masa gashi an ɗaure ƙugun da zane. Zauren a cike yake, kuma labarin mai gudu ake yi. Wani amininsa, dattijo mai babbar murya, shi ya fi kowa zafi. Ya ce, "Ƙato da shi, an ce har da tumbi! Tsoho ya ce kama mini, ka wuce shi kamar ka ga kututture? Wannan ko uwarsa ya gani haka zai yi." Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ku ne masu tarbiyya, me ke damun mutanen yanzu?"

Na ce, "Sai addu'a, Baba. Allah ya shirya." Da bakina na faɗa, muryata ko rawa ba ta yi ba.

Surukina ya motsa hannu daga kwance ya ce, "Ku bar shi haka nan. Baƙo ne. Cikin ma'aikatan nan ne da ake kawowa daga nesa, ina jin ko Hausa bai ji ba." Wani sanyi ya sauka a ƙirjina. Mutum yana kwance saboda ni, ni kuwa abin da na ji a lokacin murna ce, har da hamdala a ɓoye. Cikin duk abin da ya faru wannan murnar ce ta fi ba ni kunya in na tuna.

Da muka koma gida maiɗakina tana ninke kaya, ba ta dube ni ba ta ce, "Malam, masu gudu suna da yawa ne a hanyar nan?" Na ce suna da yawa. Ta ce to. Ba ta sake tayar da maganar ba, dariyar kayan gudun ma ta daina.

Ni ma na daina gudun. Na ce mata sanyi ya yi yawa, yana taɓa mini ƙirji. Maimakon haka kullum in an tashi daga makaranta sai in biya dubiya, yau lemo, gobe man zafi, jibi in ɗauko mai duba shi a babur. Mutanen unguwar suka fara yabona, ana cewa samun suruki irin Malam sai an tona. Kowane yabo in ya sauka sai in ji kamar an ɗora mini dutse, amma ban fasa zuwa ba, kuma ban buɗe baki ba. Sau da yawa nakan shirya maganar tun daga gida, in na durƙusa a gabansa sai ta koma ya jiki, ya sanyi.

Tsohon ya yi wajen sati uku kafin ya miƙe, ya koma kai takinsa a hankali. Ni kuma nawa jikin ya juya. Sugan ya koma inda ya fito har ya zarce, ga shi na bi dare da rana da tunani. Wata rana ina tsaye a gaban aji jiri ya ɗebe ni, sai da na dafa allo. Maiɗakina ta faɗa wa mahaifiyarta, magana ta isa zaure.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na je gaisuwa na tarar da shi shi kaɗai, yana tufka igiya. Na durƙusa muka gaisa. Idonsa a kan igiyar ya ce, "Malam, an ce jikin ya motsa."

Na ce, "Da sauƙi, Baba."

"An ce likita ya ba da aiki, an fara, an kuma bari."

Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma.

Ya ce, "Lafiya ba abin wasa ba ce. Akwai yara ƙanana a gidan nan." Ya tofa yawu a tafin hannu ya ci gaba da murza igiyarsa. Can ya ce, "Ni yanzu na bar bin burtalin nan na wajen aduwa. Ta bayan rafi nake zagayawa. Da safe ba kowa a wurin, duk mai uzuri sai ya bi abinshi hankali kwance."

Ban san lokacin da zufa ta karyo mini ba, a cikin sanyin nan. Ashe ya sani. Tun yana zaune a ƙasa yana jiran mai ɗaga shi ya sani, da ya ce wa mutane baƙo ne ya sani, duk lemon da na kawo ya karɓa ya sa albarka yana sane. Na buɗe baki na ce, "Baba, ni dai..." Ya katse ni, ya ce, "A gaida gida, Malam. Allah ya ƙara sauƙi." Sallama ce, kuma na gane ba zai bari in faɗa ba. In na nemi gafara dole ya amsa cewa ya ga surukinsa a wannan hali, shi kuwa ya riga ya yanke cewa bai gani ba. Na tashi na ɗauki takalmina na fita, ban iya sa su ba sai da na sha kwana.

Washegari na koma gudu, don ban ga yadda zan yi in ƙi ba. Bayan 'yan kwanaki na ɗauki babur na bi hanyar bayan rafin don in gani da idona. Ta kusa ninka burtalin tsawo, ga yashi, ga gangare da hawa. Ita surukina ya riƙa bi a bayan jakinsa, hannu ɗaya a ƙugu, sanyi uku a jere, har ƙarfinsa ya ƙare ya bar zuwa gona. Ban sake haɗuwa da shi a burtalin ba ko sau ɗaya, kuma kullum in na zo kwanar sai na duba.