Da Lafiyata Nake Zuwa Asibiti

Ina shayar da autata na fara jin ƙullutun a maman hagu, ɗan ƙarami kamar ƙwayar gurjiya. Ban gaya wa kowa ba har na yaye yarinyar. Ƙanwar mahaifiyata ciwon dajin mama ne ya yi ajalinta, kuma ni na yi jinyarta, saboda haka na san abin da nake tsoro.

Maigidana, masunci kuma manomin shinkafa a Kaoje, shi ya lura ina ta ramewa. Da na faɗa masa, sai ya ce, "Gobe mu tahi Bagudo." Daga Bagudo aka tura mu Birnin Kebbi, aka cire ƙullutun aka kai gwaji.

Likitar mace ce, mai magana a hankali. Ranar da sakamako ya fito ta ce, "Hajiya, ba daji ba ne."

Har na miƙe ina gyara mayafi, ta ce in koma in zauna.

"Yawancin irin wannan ƙullutu ba ya jawo komai," in ji ta. "Amma naki ƙwayoyin cikinsa sun ɗan sauya kama, ga kuma abin da ya sami innarki. Ban ce zai zo ba. Na dai ce ki riƙa dawowa duk shekara a duba, ko ba ki jin komai."

Haka na riƙa yi, da zarar an gama yankan shinkafa. Matan da muke turara shinkafa tare suka mai da ni abin tsokana. Yayata ma ta ce, "Ke da lahiyarki lau, mi kike nema wurin likita? Sai kin tono ma kanki ciwo?" Wani lokacin nakan ji kunya, domin shekara ta bi shekara ana ce mini babu komai.

Shekarar da autata ta shiga sakandare ruwa ya ci gonakinmu, ya yanke hanya. Na ce wa maigida bana a haƙura, ba mu da sukuni. Bai yi musu da ni ba, sai ya kwance jirginsa ya shimfiɗa mini tabarma a ciki. Muka ratsa ta kan gonarmu, ruwa ya shanye ta ƙaf, har muka kai inda mota ke tsayawa.

A wannan zuwan ne hoto ya nuna wani abu a maman dama, wanda ko yatsun likitar ba su ji shi ba. Gwaji ya tabbatar daji ne.

Na yi kuka sosai. Likitar ta bari na gama, sannan ta ce, "Mun kama shi yana ƙarami, bai je ko'ina ba. Don wannan ranar kike ta zuwa."

Aka yi mini aiki, aka tura ni Sakkwato a gasa wurin da na'ura don kashe ragowar ciwon. Yayata ce ta zauna da ni can, tana dama mini kunu tana yi wa masu jinyar wasu faɗa a kan shara. Na dawo gida ba a cire mini maman ba, sai dai hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Kullum da hantsi nakan tsaya jikin katanga ina hawa da yatsu sama kaɗan-kaɗan, kamar yadda aka koya mini.

Da kaka ta zagayo na koma kasuwar Lolo da shinkafata. Wata Badendiya daga tsallaken iyaka, tsohuwar mai sayen shinkafata, ta gan ni ta riƙe baki, domin labari ya kai musu cewa na kwanta ba tashi. Ta matso za ta taya ni sauke kwano daga ka.

Na ce, "Bari, ƙawata."

Na ɗaga hannu biyu na sauke shi da kaina, cike fal, ko ƙwaya ba ta zube ba. Kafin la'asar na sayar da shinkafar duka, na sayo wa yayata atamfa.