Matar da Ta Ce Amin a Lasifika

Duk wanda ya taɓa bi ta filin jirgin saman tsibirinmu ya san muryar Leafa, ko da bai san fuskarta ba. Ita ke zama a teburin tambaya, ita ke kiran fasinjoji a lasifika. Ni kuwa sarƙar furanni nake sayarwa a bakin ƙofa, kuma ƙauyenmu ɗaya, don haka ba mai ba ni labarinta. Har yau in na tuna abin da aka yi mata sai raina ya tafasa.

'Yar masunci ce, a cikin mawaƙan coci ta goge murya. Aikin nata kuwa na cin rai ne. Wuni take tana nanata abu ɗaya: gasasshiyar gwaza sai an duba an buga hatimi, ɗanyen fure ba ya shiga Auckland, birnin da jirgin ke zuwa, in an rufe ƙofar jirgi ko ubanka ne matuƙi ba a buɗewa. Tsohuwa za ta ce, "'Yata, zai jira in gama sallama da jikokina?" Leafa ta ce, "Iya, ba motar ƙauye ba ce da za ki ɗaga mata hannu."

Yayanta Pelenato ya daɗe yana fama da ciwon zuciya. Bayan dogon jira asibitin Auckland ya sa masa ranar aiki, likita kuma ya faɗa ƙarara cewa in ya rasa wannan ranar ba zai kai ta gaba ba.

Ranar tafiya ƙauye kaf ya zo rakiya, yadda muka saba. Aka yi waƙa, aka sha kuka, aka jibga masa furanni har kunne. Sai Fasto Eteuati ya ɗaga hannu za a yi addu'a. Mu kuwa ko gida na ci da wuta ba a katse fasto. Bawan Allahn nan daga kan Adamu ya faro. Leafa ta kira fasinjoji, ta sake kira, shi yana kan Nuhu. Pelenato na kan keken guragu, leɓensa har ya yi baƙi. Matarsa ta buɗe ido ɗaya ta kalli agogo, ta mayar ta rufe. Dattawa sun ji kiran sarai, ko ɗaya bai motsa ba.

Mai tsaron ƙofar jirgi ya leƙo ya ce, "Leafa, ni fa rufewa zan yi."

Ta baro tebur ta durƙusa gaban fasto, murya ƙasa-ƙasa. "Baba Fasto, a gafarce ni, jirgi zai tashi." Sai ma ya ƙara ɗaga murya. Ta miƙe ta koma, ta jawo lasifika, ta rera da muryar nan tata ta coci: "Amin!" Kafin jama'a su ankara sun amsa amin, idanu sun buɗe. Ta finciki keken ta tura da gudu.

Pelenato ya ce, "Ƙanwata, me kika yi?"

Ta ce, "Yaya, yi shiru ka riƙe fasfonka."

Ko mako bai zagayo ba majalisar dattawa ta zauna. Wai ta wulaƙanta fasto a gaban baƙi. Aka kore ta daga ƙauye, ba ranar dawowa, dole ta kama ɗaki a bayan filin jirgi. Na tare wani dattijo na ce, "Baba, to da ya cika a kan keken fa?" Ya ce, "Da ya cika cikin addu'a. Ke mai furanni, ki iya bakinki." Tir! Na rantse ban taɓa jin haushi irin na ranar ba.

Pelenato ya warke, ya dawo. Ƙauye kaf ya sake zuwa tarba, kuma Leafa ce ta sanar da saukar jirgin. Fasto ya rungume shi yana cewa addu'a ce ta karɓu, aka ɗau tafi. Matar Pelenato ta zo sayen sarƙar da za ta rataya wa fasto, na ce, "Sun ƙare." Ga su nan jibge a gabana tana gani.

Suka nufo ƙofar fita, dattawa dama da hagu. Leafa ta miƙe tsaye a bayan teburinta. Pelenato ya zo dab da ita, ya sunkuyar da kai ya wuce. Ko kallo. Mutumin da ba don ita ba da tuni ciyawa ta rufe kabarinsa!

Na ɗauki sarƙa mafi kyau na je na rataya mata, ina zagi ciki-ciki. Na zaci kuka zan tarar tana yi. Ashe idonta na kan bayansa, har ya fice.

Ta ce, "Kin ga yadda yake tafiya da ƙafarsa? Ko haki ba ya yi."