Gyadar Iri da Ɗan Fari

Ƙarfe goma da kwata na safe ne, ranar Talata, ana tsakiyar bazara. Mu huɗu ne a ɗakin: ni, da maigidana, da malamar da ke riƙe da ofishin ba da shawara na kwalejin da ɗanmu yake karatu a Funtuwa, sai shi yaron a ƙarshen benci, kansa a sunkuye. Agogo yana bango daidai idona, shi ya sa na riƙe lokacin. Shi nake kallo don kada in kalli yaron.

Zan faɗi abin bi da bi, ba na son labari mai tsalle-tsalle. Iyakar karatuna firamare da Islamiyya, amma na san ba a ɗora rufi kafin a tada bango.

Da farko, yaron ɗan farina ne. A gidanmu, can ƙasar Gozaki, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta zaman hira da shi. Haka uwata ta yi da yayana, haka na yi. Ban ga aibin abin ba a da, yau ma ban gani ba. In na sauke tukunya sai in ce wa ƙannensa, "A gaya wa mutanen makaranta an gama abinci." Ya san da shi nake. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, mahaifiyar maigidana, can ya tashi. Ita ce mai kiran sunansa, ita ce mai tsokanarsa. "Angona," take cewa, "kai da ko akuya ba ka da ita, da me za ka riƙe ni?" Shi kuma ya ce, "Ke tsohuwa, wa zai kwashe ki? Haƙori biyu suka rage miki, su ma na aro ne." Duk abin da ke cikinsa, ɗakinta yake kai shi.

Na biyu, tsohuwa ta rasu yana makaranta. Kafin ya iso an kai ta makwancinta. Ya zauna cikin maza ya karɓi gaisuwa, ba wanda ya ga hawayensa. Mutane suka yi ta cewa, "Wannan namiji ne." Bayan addu'ar uku ya ɗauki jakarsa ya koma.

Na uku shi ne kiran da aka yi mana daga makaranta bayan wasu makonni, wanda ya kai mu wancan ɗaki.

Malamar mace ce mai matsakaicin shekaru, da gilashi, harshenta na Zazzau. Ta dube ni ta ce, "Mama, ya kuke kiransa a gida?" Na gyara mayafi, na mai da idona kan agogo. Ta leƙo ni ta saman gilashi ta yi murmushi. "Ɗan fari ne ke nan. Ni ma ina da nawa, sai dai ni boko ya ɓata ni, gatsau nake kiran sunansa."

Sannan ta yi mana bayani. Abokin ɗakinsa ne ya kawo shi wajenta. Ya daina shiga aji, yana wuni kwance fuskarsa na kallon bango, abinci ya yi sanyi a kwano bai taɓa ba. Likitan asibitin makaranta ya duba shi, ya ce ciwon damuwa ne, kuma yana da magani kamar kowane ciwo.

Maigidana ya saurara har ta kai aya. Ya ce, "Malama, mu a wajenmu in yaro ya yi haka gida ake kai shi. A yi masa rubutu, a yi addu'a. Ga damina ta gabato, in ya riƙe fartanya jikinsa zai saki. Karatun a yi daga baya."

Na san ma'anar "daga baya" a ƙauyenmu. Na ga waɗanda aka dawo da su haka, yau suna da 'ya'ya, takardunsu suna ƙasan akwati. Na kuma san inda zai kwana in ya dawo: ɗakin tsohuwa, ga gadonta, ga butarta.

Malama ta ce, "Alhaji, addu'a ba ta hana magani, magani ba ya hana addu'a. A kawo rubutun nan, zai sha. Likita zai yi nasa, ni zan riƙa ganinsa a ofis. Abin da ba zan iya ba shi ne na gida. Ina son wani nasa ya riƙa zuwa yana zama da shi. Ba faɗa, ba wa'azi. In ya yi magana a saurara. Da wa yake hira a gida?"

"Wadda yake yi da ita ta rasu," in ji maigidana.

"To sai a samo wani."

Maigidana yana da sharar gona da neman taki a gabansa, kuma shi ma kunyar ɗan farin ba ta bar shi ba. Sai na ji bakina ya ce masa, "Malam, a bar shi zuwa ruwan shuka. Ni zan riƙa zuwa."

Ya juyo ya dube ni. "Ke? Me za ki ce masa?"

"Wannan ni ya shafa."

"To. Ran da aka yi ruwan shuka, in yana nan yadda yake, zan zo in ɗauke shi. Ba kuma sai an sake zama ba."

A kan haka aka tashi.

Ranar Alhamis na zaɓa. Babur zuwa Kafur, mota zuwa Malumfashi, sannan motar Funtuwa. Zuwan farko na kai dambu da fura. Malama ta ba mu benci a gindin dalbejiya bayan ofishinta. Yaron ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa ina kallon gefe. Ya zauna can, na zauna nan. Har aka kira azahar ba wanda ya ƙara ko kalma. Dambun ma bai buɗe ba.

Da zan tafi Malama ta ce, "Ya aka yi, Mama?"

"Mun gaisa."

"To ai an fara."

"Malama, ba a fara komai ba. Kada ki lallashe ni, ni ba ɗalibarki ba ce."

Ta yi dariya har ta cire gilashi.

A mota na yi ta tunani, daki-daki kamar yadda na saba. Yaya shi da tsohuwa suke hirarsu? Ban taɓa ganinsu zaune hannu wofi suna kallon juna ba. Kullum akwai faifai a tsakaninsu, ko tsintar wake, ko ɓarar gyada. Ido yana kan aiki, baki yana nasa. Sai na tuna da gyadar iri. Kowace bazara tsohuwa ce ke ɓare ta da hannu, ba ta yarda a kai ta inji, ta ce inji yana fasa ƙwaya, fasasshiya kuwa ba ta tsira. Bana buhun yana jingine a ɗakin ajiya, ba wanda ya kula shi.

Alhamis ta gaba na sa aka ɗaure mini shi a bayan babur. Direban motar Funtuwa ya ce, "Hajiya, makaranta za ki ko kasuwa?" Na ce, "Tuƙi aka ce ka yi."

Na shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiya, na zube gyada, na ajiye faifai a tsakiya, na fara ɓara. Da ya zo ya gaishe ni, sai na yi magana ina kallon gyadar: "Iri ba ya son inji. Mai yi ba ta nan, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka." Ya daɗe a tsaye. Can ya zauna a bakin tabarma, ya ɗauki ɗaya ya matsa. Ran nan ma ba mu yi hira ba, amma ƙarar ɓawo ta cika wurin, kuma da na buɗe kwanon dambu na tura gefensa, ya ci kaɗan. Malama ta ba ni kusurwar ofishinta na ajiye buhun.

A zuwa na gaba ne ya yi magana. Ina zuba duk abin da na ɓare a faifai ɗaya, sai na ji ya ce, "Ba haka take yi ba."

Ban ɗago ba. "Yaya take yi?"

"Masu yamushewa daban take zubawa. Ta ce ba su isa iri ba, na angonta ne. Da yamma ta soya mini da gishiri."

Muryarsa ta karye a kan gishirin. Sai kuka, irin wanda ban ji daga bakinsa ba tun yana goye. Ɗalibai suna wucewa ta hanyar aji, na gyara zama na ba su baya, na baza mayafina yadda zai kare shi. Ban ce ya yi haƙuri ba. Malama ta riga ta gargaɗe ni cewa haƙurin da aka ba shi a zaman makoki ya ishe shi. Na ci gaba da ɓara, ina ware masu yamushewa gefe.

Da ya lafa, ya ce duk Juma'a in an sauko masallaci yake kiranta a waya, ta tambaye shi ko ya samo mata kishiya a makaranta. Har yanzu hannunsa yana zuwa kan lambar, ya kira, a ce masa wayar a kashe take. Daga nan sai ya shiga ɗaki ya kwanta.

Wayar tana cikin kwallar tsohuwa, ni na ajiye ta da hannuna. Na gaya wa Malama abin da nake nufin yi. Ta ce, "Yi, amma kada ki ba shi mamaki. Sanar da shi tukuna." Kafin in naɗe tabarma na ce wa gyadar, "Za a sa wa wayar tsohuwa caji. Duk mai kira ran Juma'a zai samu mai ɗauka."

Washegari na ƙulle ta a bakin zanina. An sauko masallaci, maza sun dawo, an ci abinci, shiru. Ina wanke-wanke ta yi ƙara. Na goge hannu na ɗauka.

"Ana ji," na ce.

Numfashinsa kawai nake ji.

"An sauko masallaci?"

"An sauko."

"An ci abinci?"

"Za a ci."

"A ci yanzu. Ina riƙe da waya."

Na ji wata 'yar dariya ta hanci, sannan ƙarar cokali.

Kada a ɗauka daga nan komai ya miƙe. Akwai Alhamis ɗin da bai fito daga ɗaki ba sam. Na zauna ni kaɗai na ɓare rabona har azahar, na bar nasa a ƙulle wajen Malama. Ita ta sanar da likita, aka sake duba maganinsa. A gida maigidana ya tambaye ni, na faɗa masa gaskiya, cewa yaron bai fito ba. Ya dubi gabas inda hadari ya fara haɗuwa. Mako na gaba na koma. Na tarar ya ɓare nasa.

Ruwan shuka ya sauka wata Laraba da la'asar, mai yawa, har ƙasa ta sha. Da safe maigidana ya sa babbar riga ya ce, "Yau tare za mu."

Muka isa, ba kowa a gindin dalbejiya. Ya ce, "Kin gani?" Malama ta leƙo ta taga. "Alhaji, sannu da hanya. A zauna, yana aji, sai sun fito."

Muka jira. Yaron ya zo da littattafai a hannu, har yanzu wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya durƙusa gaban mahaifinsa. Ban taɓa jin ya yi masa magana mai tsawo ba sai ran nan.

"Baba, ban warke duka ba. Wata rana ina tashi da nauyi. Amma ina shiga aji, ina shan magani, ina shan rubutun. Ina roƙo a bar ni in rubuta jarrabawa."

Maigidana ya tashi ya shiga ofis inda buhun yake, ya cusa hannu, ya ɗebo ya baza a tafinsa, ya juya ƙwayoyin da ɗan yatsa. "Ba fasasshiya," ya ce. Ya ga ƙullin leda a kai. "Wannan fa?"

Na ce, "Masu yamushewa ne. Suna da mai su."

Ya ajiye ƙullin a kan benci kusa da littattafan, ya saɓa buhun a kafaɗa, ya ce mini, "Ƙasa ta jiƙa, ba ta jira. Mu tafi." Sai da muka yi 'yan taku ya tsaya, bai waiwaya ba, ya ce, "A gaya wa mutanen makaranta, in an yi hutu akwai noma yana jira."

Ya rubuta jarrabawa. Ya faɗi darasi ɗaya, zai sake shi. Yana zuwa ofishin Malama har yanzu, wayar tsohuwa tana ƙara duk Juma'a, kuma har yau ban kira sunansa ba.

Kai mai karanta wannan, in kana da ɗa ko 'ya a makaranta, ga roƙona. Ka je da ƙafarka, ka tambayi inda ofishin ba da shawara yake, ka gaisa da mai riƙe da shi tun ba a kira ka ba. Sannan ka tambayi kanka da wa ɗan nan naka yake hira. In ka rasa amsa, ka ɗauki duk aikin da ke hannunka, ka je ka zauna kusa da shi, kuma mako na gaba ka koma.