Ramin Bayan Rumbu

Jiya a kasuwar Bafarawa na ji warin tsamiya a jikin ƙarfe, sai Baba maƙeri ya faɗo mani a rai. Ƙanen ubana ne, shi ya raine ni.

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka, masu shirin fim suka ba shi aikin takubban ƙarya na gwangwani. Yakan jiƙa su da ruwan tsamiya da gishiri, ya shafa kunkunniya, ya binne bayan rumbu su yi tsatsa kamar na kakanni. Shi bai yarda da kowa ba, don haka bai gaya wa kowa ba.

Maƙwabta suka ce gero yake ɓoyewa, alhali yara na kwana da yunwa. Mai unguwa ya zo da fartanya.

"Maƙeri, mi ka binne nan?"

"Tona ka gani, ranka ya daɗe. In gero ne, za ni dafa maka."

Takubba suka fito, mutane suka ja da baya. Baba ya lanƙwasa guda da yatsu, sannan ya buɗe masu rumbu. Wayam.

Har ya rasu wasu ba su bar leƙen wurin ba. Allah ya jiƙansa, ya hutar da shi daga zargin mutane.