Matar da ta ce tsibiri na tafiya

Goggo Philomena, ƙanwar mahaifina, ta yi shekara hamsin tana ɓamɓaro kawa, wata halittar teku mai ɓawo da ake ci, a tsibiran nan uku da ke gaban ƙauyenmu, a gaɓar Kimberley. Idan teku ta janye, da ƙafa take ratsa taɓo ta isa can, ta dawo kafin ruwan ya cika. Ba ta taɓa ɗaura agogo ba. Kaguwa take kallo: da sun fara shigewa rami, sai ta ɗauki bokitinta.

Tsibiri na farko jan dutse ne, na ƙarshe baƙin dutse, na tsakiya kuwa yashi ne zalla da ɓawon kawa.

Wata shekara wani kamfani ya zo zai gina wa masunta ɗakin sanyaya kifi a na tsakiyan, don ya fi shimfiɗa. Aka tara mu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, injiniyansu Callum ya baje taswira.

Goggo ta leƙa ta ce, "Ɗana, wannan tsibirin fa tafiya yake."

Mutane suka kwashe da dariya. Mijinta, Kawu Basil, ya ce, "To ke ma ai tafiya kike, kin bar ni da yunwa tun safe."

"Rufa mana baki, tsoho. Kai da ko tukunya ba ka iya ɗorawa."

Callum bai yi dariya ba. Washegari ya bi ta cikin taɓo har gwiwa. Ta nuna masa wani kututture da ke tsaye can cikin ruwa, taku ɗari daga yashin.

"A inuwar wannan aka yi mini kitso ina yarinya. A tsakiyar tsibirin yake lokacin. Duk damina iska na kwashe yashi daga nan ta zuba can."

Ya haƙa rami, ya yi ta haƙa, bai taɓa dutse ba. Kwana uku yana waya da manyansa, suna faɗa yana faɗa. Daga ƙarshe aka kai ginin kan jan dutsen.

Bayan shekara biyu guguwa ta raba tsibirin tsakiya gida biyu. Goggo ita baƙin cikinta wurin kawarta da yashi ya binne. Ta yi wata guda tana yawo kafin ta samo wani.

Yanzu gwiwa ta hana ta zuwa. Tana zaune a baranda, duk mai fita kamun kifi sai ya tsaya ya tambaye ta ta ina zai bi.